Kande Mai Daddawa da Gonar Bakin Daji

A shekarun da ake cin kasuwar Ruma har la'asar sakaliya ba mai waiwaye, matan da suka san miya ba sa sayen daddawa sai sun tambaya ko ta Kande ce. Baƙa ce wuluk, ba yashi ba tsakuwa, ƙwaya ɗaya ta ishi tukunyar babban gida. Mai ita kuwa 'yar gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, wadda ruwan kalwa ya rina wa tafin hannu tun tana budurwa.

An haifi Kande a Unguwar Jinjiri, wani ɗan ƙauye mai gidaje talatin da 'yan kai, yamma da Ruma. Daga shi sai daji. Mahaifinta, Malam Abdurrahim, yana da gona a can ƙarshen ƙauyen, ta miƙe har bakin wani rafi, a cikinta kuma akwai itatuwan ɗorawa bakwai da ba wanda ya san wanda ya shuka su. A gindinsu Kande ta girma. Da bazara, idan ɗorawa ta nuna, ita da mahaifiyarta suke fita da doguwar gora mai ƙugiya, su kaɗo, su ɗaure dami-dami. Garin a sha, ɓawon a jiƙa a yi makubar daɓen ɗaki, kalwar kuma a dafa ta, a sussuke, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye har ta yi yadda ake so. Wurin rufewar nan ne hannu ke bambanta da hannu, kuma Kande ta gaji na uwarta.

Da Malam Abdurrahim ya ga ƙarfinsa ya fara tafiya, sai ya kira shaidu. Ya ce ƙasar gonar a raba ta yadda addini ya tsara tsakanin 'ya'yansa biyu da suka rage, Kande da ƙanenta Sule, amma ɗorawar ya ba Kande kyauta tun yana da rai. Ba su taɓa yin rabon ba. Sule na noman gero da gyaɗa, Kande na kaɗa ɗorawarta, kowa na aika wa ɗan'uwansa da abin da ya samu.

A nan cikin ƙauyen ta yi aure. Mijinta Badamasi mutum ne marar yawan magana, mai jaki ɗaya, shi ke kai mata kaya kasuwa ya tsaya nesa yana jiran ta sayar. Sun haifi 'ya'ya biyar, ɗaya ta tsaya, Aishatu, wadda aka kai aure Safana. A ƙetaren rafi kuma akwai rugar Fulani, a cikinta akwai Asta, tsarar Kande. Shekara fiye da ashirin Asta na ƙetarowa da ƙwaryar nono ta koma da daddawa. Bayan girbi shanunsu ke cin karan gonar su bar mata taki. 'Ya'yan Asta maza uku duk Kande ta goya su.

Da abin 'yan bindiga ya fara, shanu aka fara kwashewa. Daga baya aka koma mutane. Wata safiya cikin damina Badamasi ya saɓa fartanya ya tafi taya Sule maimai, Sule kuma ya tsaya gyaran rumbu zai biyo baya. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka ji babura ta yamma, aka ji harbi. Sai bayan azahar maza suka iya fita. A tsakiyar kunya suka sami gawar Badamasi, fartanyar na gefensa. Ranar da aka yi sadakar uku, ƙauyen ya watse. Kande ta tako da ƙafa har Batsari, da tabarma a ka da 'yar tukunya a hannu.

Da kaka Sule ya lallaɓa ya koma don ya ciro ko da damin gero biyu ne. Aka kama shi. Kwana arba'in da uku ya yi a daji kafin dangi su haɗa abin da suka haɗa a sako shi. Ya dawo yana ɗingishi, kuma har yau bai gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Shekara biyar Kande ta yi a wani ɗaki na bayan gidan wata 'yar'uwar mahaifiyarta a Batsari. Ba ta bar sana'a ba, amma yanzu sayen kalwa take yi a mudu, in ta yi tsada ta haɗa da waken suya. Ita kanta ta san ba ita ce daddawar da aka san ta da ita ba, shi ya sa ba ta son a kira sunanta a kasuwa.

Ana nan, wata rana mai unguwarsu, wanda shi ma gudun ya kawo shi Batsari, ya aika a tara mutanen Unguwar Jinjiri a filin wata makarantar firamare. Wasu ma'aikatan gandun daji suka zo. Wadda ta yi bayani mace ce matashiya mai suna Mubina, da hijabi ruwan toka da takalmi irin na maza. Ta ce dajin ya ƙare da sara da ƙuna, gwamnati na son ta raya shi, za a faɗaɗa iyakarsa ta haɗe gonakin da ke bakinsa. Daga ranar da aka kafa alama, ba noma, ba sara, ba kiwo. Amma duk mai gona za a biya shi diyyar ƙasarsa da ta itatuwa masu amfani da ke cikinta.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji ta. "Mai gona zai je da kansa ya nuna mana kusurwa huɗu, mu auna, mu ɗauki hotonsa a tsaye a ciki. Jami'an tsaro za su raka mu."

Wani dattijo ya gyara murya. "'Yata, wane dajin kike nufi? Ai dajin yanzu yana da masu shi."

Ba wanda ya yi dariya. Mubina ta sunkuyar da kai, ta ce ta sani, Baba, amma haka tsarin yake.

Da yamma Kande ta sami Sule a ƙofar gidan da yake haya, yana saƙar igiya. Ta zauna a kan turmi ta gaya masa, ko da yake ya riga ya ji.

"Yaya, ki rufa mana asiri," ya ce, bai ɗago ba. "Gonar nan mun daɗe da haƙura da ita. Duk wanda ya shiga motar jami'ai ya nufi yamma, kafin ya kai Ruma labarinsa ya kai daji. Kin san a cikin garin nan akwai masu kai musu."

"Na sani. To in ba wanda ya je fa?"

"Sai a rubuta ba mai ita."

Maganar nan ce ta fi yi wa Kande ciwo. Gonar da aka binne cibiyarta a gefenta, gonar da jinin Badamasi ya zuba a ciki, a rubuta ba mai ita.

"Ka zo mu je tare, Sule. Kai ne namiji."

Sai a lokacin ya ɗago. "Ko ɗaure ni aka yi a mota, ƙafata ba za ta taka ƙasar nan ba. Ki yafe mini, Yaya. In kin ce sai kin je, zan dangwala miki hannu a takarda ki wakilce ni. Amma da kin bi tawa, da kin zauna."

Kwana tara aka sa kafin tafiyar. A cikin kwanakin nan abinci ya daina wuce mata. Sau biyu tana zuwa ƙofar gidan mai unguwa don ta ce a cire sunanta, sai ta gaishe shi kawai ta dawo. Ta ƙona tukunyar kalwa guda, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Aishatu ta kira ta a waya daga Safana, ta tambaye ta lafiya ta ji muryarta haka, ta ce mura ce. Ranar tafiya, bayan ta idar da sallar asuba gari ya waye, ta yi wanka, ta ba matar gidan makullin ɗakinta, ta nuna mata inda ta ajiye farin yadi a ƙasan akwati, ta nemi gafararta.

Motoci biyu ne masu buɗaɗɗen baya. A cikin masu gona fiye da talatin, tara kaɗai suka zo, kuma ban da Mubina, Kande kaɗai ce mace. Da za su ratsa Ruma sai Kande ta ja mayafi ta rufe fuska har hanci. Ta cikin saƙar mayafin take ganin masu shayi da masu faci sun bar abin da suke yi suna bin motocin da kallo, wani saurayi kuma ya juya baya ya kara waya a kunne. Wataƙila matarsa yake kira.

Bayan Ruma hanya ta koma turba, hira ta mutu. Ba ka jin komai sai kukan inji da wani tsoho da ke ta jan hasbunallahu a hankali. Gonakin da ta sani duk sabara ta cinye su. Da suka shiga Unguwar Jinjiri ba ta gane ta ba sai da ta ga masallaci, ciyawa ta fito ta tagoginsa. Ta hango ɗakinta, rufin ya rufta ciki, babbar tukunyarta ta dahuwa tana nan kan murhu, a tsage. Ba ta sauka ba.

Shugaban jami'an, wani dogo mai tabo a haɓa, ya tara su ya ce, "Kafin azahar mun bar nan. Wanda aka auna tasa, to. Wanda ba a kai ga tasa ba, ya yi haƙuri. Kada kowa ya yi nisa da ido."

Aka fara da gonakin kusa. Kande na zaune a inuwar mota tana kallon rana na hawa, tana lissafin cewa tata ce ta takwas, kuma ita ce mafi nisa. Duk tsuntsun da ya tashi daga kurmi sai ta waiga. Sai da rana ta kusa tsakiya Mubina ta zo ta ce, "Inna, taso mu je."

Jami'ai biyu suka raka su har wani tudu suka tsaya daga nan, inda suke iya hango ko'ina. Kande ta shige gaba. Ƙafafunta sun san hanyar duk da ƙaya. Ta nuna suri, ta ce nan ne kusurwar farko. Mubina ta tsaya a kai da wata na'ura mai kama da waya, ta danna. Suka bi layin gamba har wani baƙin dutse, kusurwa ta biyu. Daga nan Kande ta ɗaga kai don ta nuna ɗorawa, sai hannunta ya tsaya a sama.

Uku ne a tsaye. Huɗun an sare su tun daga gindi, gefensu ga ramukan da aka ƙona gawayi.

"Bakwai ne," ta ce. "Wallahi bakwai ne, 'yata."

"Na yarda, Inna. Amma abin da ke tsaye kawai aka yarda in rubuta. Zan dai ɗauki hoton kututturan in haɗa, ko Allah zai sa a duba."

Kande ta dafa kututture ɗaya. Ba ta sami damar baƙin ciki ba, domin idonta ya sauka a ƙasa. Sawun tayar babur ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma iska ba ta taɓa shi ba. A gindin babbar ɗorawar ga ƙasusuwan akuya, ga guntayen taba, ga duwatsun murhu uku. Ta duƙa kamar mai cire ƙaya, ta ɗora bayan hannunta a kan tokar. Da ɗumi.

Ta miƙe. Mubina ba ta lura ba, ta tsaya tana ɗaga na'urarta sama, wai ta daina kamawa, ta ce Inna ta yi gaba ta tsaya a kusurwa ta uku, ga ta nan zuwa. Kusurwa ta uku tana gangaren rafi, bayan wani kurmin geza. Kande ta tafi don ba ta san yadda za ta ƙi ba. Tana zagaya kurmin ta yi kiciɓis da mutum.

Tsohuwa ce ramammiya, da kwando cike da ɗorawa a gabanta. Su biyun suka ƙame. Kowacce ta buɗe baki za ta yi ihu, kowacce ta rufe.

"Kande?"

"Asta. Kina da rai?"

"Ga ni dai." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ji na Badamasi. Allah ya ji ƙansa."

"Amin."

Tambaya ta taso wa Kande har baki: su wane ne, kuma ina 'ya'yanki uku? Ta dubi idon Asta, ta haɗiye ta. Ta ji tsoron amsar fiye da tsoron rashin sani.

"Me ya kawo ki nan? Da su wa kika zo?"

"Gwamnati za ta karɓi gonar ta mai da ita daji. An ce za a ba mu diyya."

"Mu fa?"

"An ce sai mai gona."

Asta ta ce, "Waɗanda suka kwashe naku su suka kwashe namu, Kande. Ko saniya ɗaya ba ni da ita. In mun fito gari a ce mu ne, in mun zauna suna kanmu." Ta waiga ta dubi ƙasan rafi, ta matso har Kande na jin numfashinta. "Saurara. Sun kora shanu mashaya, can ƙasa. Da rana ta karkata nan suke dawowa su huta. Sun fi ashirin. Ki kwashe mutanenki ku tafi. Useni, don Allah, kada ki ce kin gan ni, ko ga naku ko ga kowa."

Ta ɗauki kwandon ta aza a ka, sannan ta tsaya. "Ɗorawarki nake ci shekara biyar. Ki yafe mini."

"Na yafe."

Kafin Mubina ta zagayo, Asta ta gangara cikin rafi ta ɓace.

Kande ta tsaya tana lissafi. In ta ce ta ga mutum, jami'an za su gangaro da bindiga, kuma wadda za su fara cimma ita ce Asta. In ta yi shiru, akwai sauran gona ɗaya bayan tata, za a tsaya a auna ta har rana ta karkata. Mubina na danna na'ura a kusurwa ta uku, Kande ta kama hannunta ta ja ta har gindin ɗorawa, ta ɗora mata shi a kan tokar.

"'Yata, masu wutar nan ba su yi nisa ba. Ni 'yar nan ce, na san lokacin da ake dawowa daga mashaya. Mu tafi."

Fuskar Mubina ta canja. Ta dubi tudu, ta dubi takardar hannunta. "Saura kusurwa ɗaya da hoto, Inna. In babu su, duk wahalar nan ta tashi a banza. Za ki iya sauri?"

Ba tafiya suka yi ba, ba kuma gudu ba. Kusurwa ta huɗu wata tsohuwar aduwa ce. Mubina ta danna, ta miƙa wa Kande wani ɗan allo mai lamba ta ce ta riƙe a ƙirji ta dubi gaba. Allon ya yi ta kaɗawa a hannunta har lambar ba ta fita. Aka sake. A na biyu Kande ta waiga. Ana shirin na uku sai suka ji kukan shanu daga ƙasan rafi, a bayansa kuma, can ƙasa-ƙasa, ƙarar babur.

"Ya yi," in ji Mubina. Daga tudu aka busa usur.

Kande ba ta san tana da sauran gudu a jikinta ba. Ƙaya ta fizge mata mayafi, takalmi ɗaya ya fita, ba ta tsaya ba. Wani jami'i ya ɗaga ta kamar buhu ya jefa bayan mota ya ce kowa ya kwanta. Ta kifa fuskarta a kan ƙarfe mai zafi, wani na kan ƙafarta, motar na tsalle. Ta ji harbi sau uku a baya, jami'an suka mayar da ɗaya. Ba wanda aka samu. Sai da suka ga rumfunan Ruma mutane suka fara ɗagowa. Mutumin da ba a kai ga gonarsa ba ya zauna ya haɗa kai da gwiwa har Batsari.

Kwana uku ta yi tana zazzaɓi. Sule ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ta ba shi labarin kututture da toka da gudu. Na Asta ba ta gaya masa ba, ba ta gaya wa kowa ba.

Damina ta zo ta wuce, ba labari. Mutane suka fara cewa an yi ta banza, Kande kuwa a ranta har ta fara jin sauƙi. Sai wata ranar kasuwa, tana zaune gaban farantinta, wani mai sayar da manja da ba su taɓa wuce gaisuwa ba ya tsaya a kanta yana murmushi.

"Hajiya Kande, ashe abin arziki ya samu. An ga sunanki a bango."

Ashe an liƙa sunayen waɗanda za a biya a bangon ofis, don mai ƙorafi ya kawo, da sunan ƙauye da komai. Kafin la'asar mutum shida sun yi mata barka. Kowanne ta dube shi ta ga kamar yana auna ta. Ta tattara farantin ta koma gida ba ta sayar da rabi ba.

Bayan kwana huɗu, da azahar, tana shanya daddawa a tsakar gida, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Hajiya Kande? Muna taya murna. An ce gwamnati ta tuna da ku."

"Wane ne?"

"Ɗanki ne. Za mu zo gaisuwa."

Aka kashe. Ta daɗe a tsaye da wayar a hannu. Muryar ba ta yi kama da ta kowa ba, kuma ta yi kama da ta kowa. Ta buɗe bayan wayar, ta zare layin, ta jefa shi cikin wutar murhu. Washegari da safe ta ɗaura zanenta na fita, ta ɗauki 'yar jaka ɗaya, ta ce wa matar gidan za ta suna. Ta shiga motar Safana ba ta sake kwana a Batsari ba.

Aishatu ta yi kuka da ta ji duk abin da uwarta ta ɓoye mata. Mijinta Nasiru, malamin Islamiyya ne mai sanyin hali, ya share ɗakin da yake ajiye littattafai ya ba surukarsa. Da kuɗin suka fito, shi ya raka ta banki a Dutsin-Ma ta dangwala hannu. A ranar ta sa aka tura wa Sule rabonsa cif, ta karɓi wayar Nasiru ta kira shi.

"Sule, don girman Allah kada ka canja komai. Ko hula kada ka saya. Ka bari ƙura ta lafa."

"Yaya, shekara shida ina saƙar igiya. Ni manomi ne."

Ya sayi shanun huɗa biyu, ya karɓi aron gona ta wajen Karare, inda ake cewa da sauƙi. Ruwan farko ya sauka, ya yi huɗa kwana biyar. A rana ta shida, da rana tsaka, mutum huɗu a kan babura biyu suka tsaya a bakin gonar suka kira shi da sunansa. Allah ya taimake shi yana can ɗaya gefen, kusa da wani kwazazzabo. Ya faɗa ciki ya bi shi da rarrafe, da gurguwar ƙafarsa, har ya ɓullo bayan gari. Suka kwance shanun suka tafi da su. Wani maƙwabcin gona da ya laɓe ya ce ya ji ɗaya daga cikinsu na tambaya ina yayar tasa ta koma.

Da labarin ya iso Safana, Kande ta yi sati biyu ba ta leƙa ko zaure ba. Ta roƙi Aishatu da Nasiru kada su gaya wa kowa daga inda ta zo, in an tambaya a ce daga Kurfi. Sule ya kwaso iyalinsa ya biyo ta, Nasiru ya samar masa aikin gadi a makarantarsu. Ya daina maganar noma.

Kande ta ji an ce an kafa ginshiƙan siminti a gefen Unguwar Jinjiri na gabas, an shafa musu koren fenti, amma masu dashen itatuwa ba su sami shiga ba tukuna. Kowane baƙo daga wajen Ruma, takan sa Aishatu ta tambaye shi a fakaice ko an ga wata tsohuwar Bafulatana ta fito gari. Ba wanda ya gan ta.

A hankali ta koma dahuwar kalwa a bayan gida, amma ba ta kai kasuwa, mata ke aikowa su saya. Bayan shekara guda, da Aishatu ta matsa mata, ta yarda aka saya mata ɗan fili a bayan gidansu, da sunan Nasiru. Aka kira magini, ya zo da safe ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara zana ɗaki biyu da falo a ƙasa da tsinke.

"Ɗaki ɗaya," in ji Kande. "Na ƙasa, ba bulo ba. Kwanon kuma ka nemo mini tsoho, wanda aka cire daga wani gida."

"Inna, tsohon kwano ai wahala ne. Shekara biyu ya fara yoyo. Sabon bai fi shi da wani abin kirki ba."

"Mai tsatsa nake so."

Maginin ya dubi Nasiru, Nasiru ya gyaɗa masa kai. Haka aka yi. Ta tare kafin damina, kuma ba a kai shekara biyun ba, ruwan farko ma ya zubo ta kusurwar gabas. Ta jawo tabarmarta gefe, ta tara roba a wurin.